Linzamin da ke cikin hanji: abin da sabon bincike kan sankarar babban hanji yake nufi ga mutanen Gure

Gabatarwa

A watan Satumba na shekarar 2025 wasu likitoci na arewacin Turai suka bayyana sakamakon wani gwaji da ya ja hankalin duniya. Sun nuna cewa asfirin, wannan ƙwaya mai araha da kowa ya sani, tana rage komowar sankarar babban hanji da kusan rabi. Amma ga wasu majiyyata kawai, kuma bayan an yi musu tiyata. Labari irin wannan ba ya jimawa bai iso mu ba. Rediyo ya faɗa, wayar hannu ta yaɗa, kafin ya kai kasuwar Gure yana iya zama wai asfirin na warkar da sankara. Ba haka ba ne. Wanda ya ɗauke shi haka yana iya cutar da kansa.

Domin a fahimci labarin yadda yake, sai an san abin da ke faruwa a cikin hanji. Wannan kasida za ta bayyana abubuwa uku: yadda jiki yake tsare kansa daga wannan cuta, abin da masana suka gano game da tsaron, da kuma abin da mutumin karkara zai iya yi tun yau.

Babban hanji da yadda sankara ke farawa

Babban hanji, wanda wasu ke kira uwar hanji, shi ne ɓangare na ƙarshe na hanyar abinci. Tsawonsa ya kai kimanin mita 1 da rabi. Aikinsa shi ne ya tsotse ruwa daga ragowar abinci, ya tura sauran zuwa dubura.

An gina bangon cikinsa da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Waɗannan ƙwayoyi ba su da tsawon rai. Cikin ƙasa da mako guda tsofaffi sun zube, sababbi sun maye gurbinsu. Sababbin kuwa daga rabuwa suke fitowa: ƙwaya ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu.

A cikin kowace ƙwaya akwai rubutun gado, wanda mutum ya samo daga uwa da uba. A cikinsa aka tsara duk abin da ƙwayar za ta yi. Duk lokacin da za ta rabu, sai ta kwafe rubutun nan gaba ɗaya. Mai kwafi kuwa yakan yi kuskure. Duk wanda ya zauna a cibiyar yaƙi da jahilci ya san abin da ke tsakanin “baki” da “baƙi”. Lanƙwasa ɗaya ce a kan harafi, amma ma'ana ta sauya. Haka kuskure ɗaya a rubutun gado yake iya sauya halin ƙwaya.

Idan kurakurai suka taru, ƙwaya takan ci gaba da rabuwa ba tsayawa. Da farko sai wani ɗan tsiro ya fito a bangon hanji. Yawancin irin wannan tsiro ba ya zama komai. Amma wani yakan girma a hankali, har ya zama sankara, wadda ake kuma kira ciwon daji ko kansa. Wannan tafiya takan ɗauki shekara 10 ko fiye.

Cutar ba ƙarama ba ce a duniya. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kimanin miliyan 1 da dubu 900 suka kamu da sankarar babban hanji da dubura, kimanin dubu 900 kuma suka rasu. A Nijar ba ta kai yawan da take da shi a Turai ba. An fi ganin sankarar nono, da ta bakin mahaifa, da ta hanta. Amma tana nan, kuma sau da yawa ba a gane ta sai ta yi nisa.

Masu ɗaukar saƙo: ƙaimi da linzami

Wa ke gaya wa ƙwaya ta rabu, wa ke gaya mata ta tsaya? A nan ne maganar anzim ta shigo. Anzim wani sinadari ne da jiki ke ƙerawa domin ya gudanar da wani aiki na musamman. Wasu narkar da abinci suke yi, kamar wanda ke cikin yawu. Wasu kuma ɗaukar saƙo ne aikinsu. Saƙo yakan iso ƙofar ƙwaya daga waje, sai wannan anzim ya miƙa wa wancan, kamar yadda umurni ke fitowa daga fadar sarki zuwa ga mai gari, daga shi zuwa mai unguwa, har ya kai ga mai gida.

Saƙonnin iri biyu ne. Akwai na “ki rabu”, akwai na “ki tsaya”. Masu ɗaukar na farko kamar ƙaimi suke ga doki, masu ɗaukar na biyu kamar linzami. Lafiyayyen hanji yana buƙatar duka biyun. Sankara takan samu hanya idan ƙaimi ya kafe a jikin doki, ko kuwa linzami ya tsinke. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masana sun gano linzamai da yawa a cikin hanji. Sunayensu haruffa ne kawai. Za mu duba guda uku.

Linzami na farko: wanda aka ɗauka maƙiyi ne

A 1977 wani masani ɗan Japan, Yasutomi Nishizuka, ya gano wani anzim a jami'ar birnin Kobe. Ana kiransa PKC. A 1982 aka ga cewa wani sinadari da aka san yana taimaka wa tsiron sankara a jikin ɓeraye yana tayar da wannan anzim. Sai masana suka ɗauka PKC ƙaimi ne. Aka shafe kusan shekara 30 ana haɗa magungunan da za su toshe shi. Aka gwada su ga masu sankara, ba su yi amfani ba.

A 2015 Farfesa Alexandra Newton da abokan aikinta na jami'ar Kaliforniya da ke San Diyego a Amurka suka sake duba lamarin. Suka ɗauki kurakuran rubutun PKC da aka samu a jikin masu sankara iri-iri, suka auna su ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu sun rage aikin anzim ɗin ko sun kashe shi. Babu ko ɗaya da ya ƙara masa ƙarfi. Daga nan suka ɗauki ƙwayoyin sankarar babban hanji na ɗan Adam, suka gyara kuskuren, suka dasa su a jikin ɓeraye. Tsiron da ya fito bai kai girman na ƙwayoyin da ba a gyara ba.

Ashe PKC linzami ne. Sinadarin nan da ke tayar da shi, idan ya daɗe, gajiyar da shi yake yi har ƙwaya ta rasa shi. Darasin a fili yake: idan manyan masana za su yi shekaru haka kafin su bambance ƙaimi da linzami, to mai tallar magani a kasuwa da ke cewa ƙullinsa guda yana kashe kowace sankara, a ina ya samo iliminsa?

Linzami na biyu: abin da zawo ya koya wa masana

A bangon hanji akwai wani anzim mai suna GC-C. Hanji da kansa yake ƙera sinadarin da ke tayar da shi, wanda aka gano a 1992 aka sa masa suna guwanilin. Idan GC-C ya tashi, yakan sa hanji ya saki ruwa domin bayan gida ya yi laushi. Yakan kuma rage saurin rabuwar ƙwayoyi. Bincike ya nuna cewa a mafi yawan sankarar babban hanji, guwanilin yakan ɓace tun cutar tana farawa. Linzamin yana nan, amma babu hannun da zai ja shi.

Akwai wata ƙwayar cuta da ke shiga ciki ta gurɓataccen ruwa da abinci. Gubarta tana kama da guwanilin. Takan tayar da GC-C fiye da kima, sai ruwa ya yi ta zuba. Wannan yana daga cikin musabbabin zawon da ke addabar yara a ƙasashenmu. A 2003 Scott Waldman da abokan aikinsa na jami'ar Thomas Jefferson a birnin Filadelfiya suka nuna cewa wannan guba tana rage girman ƙwayoyin sankarar hanji a ɗakin gwaji. Suka kuma lura cewa ƙasashen da irin wannan zawo ya yi yawa ba su cika samun sankarar babban hanji ba.

A yi hattara a nan. Wannan ba ya nufin zawo alheri ne. Zawo yana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara ƙanana a Nijar. Kuma akwai wasu dalilan da ke sa ƙidayar sankara ta yi ƙasa a ƙasashe irin namu: abincinmu daban ne, matasa sun fi yawa a cikinmu, kuma ba kowane majiyyaci ake aunawa ba. Tsabtace ruwan sha da wanke hannu da sabulu suna nan daram. Yaro mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti.

Amfanin binciken shi ne ya nuna hanyar haɗa magani mai kama da guwanilin. A 2012 Amurka ta amince da irinsa, mai suna linaklotid. Amma domin taurin bayan gida aka amince da shi, ba domin sankara ba.

Linzami na uku: inda asfirin ta shigo

Akwai wasu anzim biyu da ke ja-in-ja a cikin ƙwaya. Ɗaya ƙaimi ne, sunansa PI3K. Ɗaya linzami ne, sunansa PTEN, an gano shi a 1997. Duk saƙon “ki rabu” da na farko ya rubuta, na biyu ne ke goge shi. Idan ƙaimin ya kafe ko linzamin ya tsinke, ƙwaya ba ta jin kira.

Kan wannan ne aka yi gwajin da muka ambata a farko. Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin ce ta jagorance shi, tare da asibitoci 33 na Suwidin, Nowe, Danmak da Finlan. An auna tsiron da aka cire daga majiyyata fiye da 3,500. Sama da kashi 1 cikin 3 suna da lahani a wannan hanya ta PI3K da PTEN. Daga cikinsu aka ba wasu asfirin miligiram 160 kullum har shekara 3, wasu kuma aka ba su ƙwaya marar magani. A cikin waɗanda suka sha asfirin, cutar ta komo wa kimanin mutum 8 cikin 100. A cikin sauran ta komo wa 14 zuwa 17 cikin 100.

Wannan ci gaba ne na gaske, musamman ga ƙasashe matalauta, tun da maganin ba shi da tsada. Amma a lura da sharuɗɗa uku. Na ɗaya, an riga an cire tsiron da tiyata. Na biyu, an auna shi a babban ɗakin gwaji an tabbatar da irin lahaninsa. Na uku, likita yana bin majiyyacin. Asfirin tana iya jawo gyambon ciki da zubar jini, kuma a gwajin ma an fi samun matsaloli masu tsanani ga waɗanda suka sha ta. Mutumin da ya riga yana ganin jini a bayan gida, idan ya sayi asfirin a kan tire ya yi ta sha, jinin zai ƙara wa hanya.

Shin binciken Turai ya dace da jikinmu?

Tambaya ce mai kyau. A Turai da Amurka, kimanin 8 cikin 10 na sankarar babban hanji suna da lahani a wani sinadari mai suna APC. Shi ne ke tara wasu anzim wuri guda domin su rusa saƙon “ki rabu”. A 2021 likitocin asibitin koyarwa na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a Najeriya, tare da wata babbar cibiyar sankara ta birnin Niyok, suka auna tsiron majiyyatansu. Suka samu lahanin APC a ƙasa da rabinsu. Wani ƙaimi kuma mai suna KRAS ya fi lalacewa a wurinsu fiye da na Amurkawa. Majiyyatan Najeriya sun fi ƙarancin shekaru, kuma yawancinsu sun zo asibiti bayan cutar ta yi nisa.

Ile-Ife ba Gure ba ce. Amma darasin ya shafe mu. Cuta ɗaya tana iya bin hanyoyi daban-daban a wurare daban-daban. Saboda haka Afirka ta Yamma tana buƙatar nata bincike, da nata ɗakunan gwaji, da nata ƙwararru. Wannan aiki ne da ke jiran jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da jami'ar André Salifou ta Damagaram, waɗanda dukansu ke horar da likitoci.

Halin da ake ciki a Nijar

Tun 1992 ake da rajistar sankara a Yamai, inda ake rubuta waɗanda aka tabbatar da cutarsu. A watan Maris na 2021 cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai ta buɗe sashen gashi da haske, tare da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan, mai buƙatar wannan magani sai ya fita waje.

Amma nisa yana nan. Daga Gure zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram ya haura kilomita 150. Zuwa Yamai ya haura 1,000. Ga kuɗin mota, ga na abinci, ga na mai jinya, ga gona ko dabbobi da za a bari. Shi ya sa da yawa sukan jinkirta.

Akwai kuma shinge biyu da ba na kuɗi ba. Na farko sunan “basir”. Kusan duk abin da ya shafi dubura, basir ake ce masa, a jiƙa saiwa a sha. Gaskiya ne mafi yawan jinin bayan gida daga basir yake, ko atuni, ko tsutsar ciki. Amma sankara ma haka take farawa, kuma ba a bambance su sai da aunawa. Na biyu kunya. Dattijo ko uwar gida ba sa son a duba musu wannan wuri. Cutar kuwa ba ta jiran kunya.

Ga abin da lokaci ke yi. A Amurka, cikin mutum 10 da aka gano cutarsu tun ba ta fita daga hanji ba, kimanin 9 suna raye bayan shekara 5. Idan ta bazu zuwa hanta ko huhu, ba su kai 2 ba. Shekarun nan da tsiro ke yi yana girma a hankali dama ce da aka ba mu.

Abincinmu yana taimakon linzami

A 1971 likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya bayyana cewa mutanen karkarar Afirka ba su cika samun wannan cuta ba. Ya danganta hakan da abincinsu mai dusa da ganye. Daga baya aka gano dalili. Ciki ba ya narkar da dusa da ɓawon wake da zaruruwan ganye. Sukan isa babban hanji, inda wasu ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a can suke mayar da su wani sinadari mai suna butirat. Shi ne babban abincin bangon hanji. A ɗakin gwaji kuma an ga yana rage rabuwar ƙwayoyin sankara.

A 2015 Stephen O'Keefe ya bayyana wani gwaji. Baƙaƙen fata 20 na Amurka da ƙauyawa 20 na Afirka ta Kudu suka yi musayar abinci har mako 2. Butirat ya ninka fiye da sau 2 a hanjin Amurkawan, rabuwar ƙwayoyinsu ta ragu. Na ƴan Afirkan kuwa ya ragu da rabi, rabuwar ta ƙaru.

A shekarar kuma hukumar nan ta Liyon ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo sankarar babban hanji. Wato naman gwangwani, da wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi, har da busasshen nama irin ɗan'uwan kilishi. Cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Maganar ta mai ci kullum ce, ba ta wanda ya samu tsaraba jefi-jefi ba. Taba, giya, ƙiba da yawan zama su ma suna ƙara haɗari.

Saboda haka kada mu raina abin da muke da shi: gero, dawa, wake, kuka, zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, da dabino da kayan lambu na kwarurukan Gure. Farar shinkafa da taliya da lemun kwalba suna ƙara shiga gidaje. Ba laifi ba ne a ci, amma kada su kori tuwo da miyar ganye daga akushi.

Alamomin da ba a jira da su

A je asibiti idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- jini a bayan gida, ja ko baƙi;
- sauyin bayan gida da ya wuce ƴan makonni, ko zawo ko tauri;
- jin kamar ba a gama ba bayan an fito daga makewayi;
- ciwon ciki da ba ya tafiya, ko ƙullutu a ciki;
- rama ba tare da dalili ba;
- kasala da ƙarancin jini.

Wanda uwarsa, ubansa ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan cuta, ya gaya wa likita ko da yana jin lafiya. A fara da asibiti mafi kusa. Idan an sha maganin basir ko na atuni jinin bai tsaya ba, a koma, a nemi takardar turawa zuwa asibitin gunduma ko Damagaram. A babban asibiti akan duba cikin hanji da siririn bututu mai fitila. Idan an ga ɗan tsiro, sau da yawa akan cire shi nan take. Mace tana iya roƙon a haɗa ta da ma'aikaciya mace.

Tambayoyin tattaunawa a cibiya

1. Mene ne aikin linzami a cikin ƙwayar halitta?
2. Don me bai kamata mai ganin jini a bayan gida ya sha asfirin da kansa ba?
3. Me ke hana mutanen garinmu zuwa asibiti da wuri, kuma yaya ƙungiyarmu ko asusunmu za su taimaka da kuɗin mota?

Kammalawa

Masana suna ta neman hanyar ɗaure linzamin da ya tsinke, kuma sun fara samun nasara. Amma duk maganin da suka samo, mai zuwa da wuri yake amfana. Namu aikin shi ne mu riƙe abincinmu na gado, mu guji shan magani da ka, mu daina kiran kowane jini basir. Ya ɗan'uwa mai karatu, karanta wa iyalinka wannan kasida, ka karanta wa maƙwabcinka da bai iya ba tukuna. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya.